Tashoshin rediyo sun yi yawa a Bauchi da Gombe, to ina kiɗan namu ya shiga?

Duk wanda ya murɗa rediyo yau a cikin garin Bauchi zai ji tashoshi birjik, ga BRC ta jiha, ga Globe FM ta tarayya, ga Albarka Radio, ga Ray Power, in kuma a Gombe kake ga rediyon jiha na GMC, ga Jewel FM, ga Progress, ga Amana, ga Vision da sauransu. Iyayenmu ko rabin wannan ba su samu ba. Amma ka daure ka zauna da rediyon tun buɗe tasha da asuba har dare ka ji sau nawa za a saka maka gangar Jarawa, ko kiɗan Tera, ko waƙar daka ta matan Gerawa, ko busar sarewar makiyayan Dukku. Abin da zai cika maka kunne fiyano ne na sitidiyo, waƙar soyayya, waƙar ɗan takara, sai tallan mai maganin basir, in an tausaya a jefo Shata ko Ɗanƙwairo na minti biyar kafin labarai. Mutane da yawa suna ɗora laifin kacokan a kan yaran zamani, wai sun raina al'ada, ni kam ban yarda maganar ta tsaya nan ba, akwai tarihi a ciki, akwai lissafin kuɗi, akwai kuma sakaci na hukuma.

Sai mun ɗan koma baya. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta kafa gidan watsa labarai a Kaduna, BCNN, wanda kowa ya fi sani da Rediyo Kaduna. Lokacin babu jihar Bauchi balle Gombe, lardin Bauchi ne kawai, a 1967 kuma aka haɗa mu cikin Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri. Tashar Kaduna tana da ƙarfi sosai, a gajeren zango mita 49 ana kamata har wajen Najeriya, don haka mai shayi a Azare da manomin auduga a Kumo da bafulatani a rugarsa a Darazo duk murya ɗaya suke ji a lokaci ɗaya. Akwai BBC Hausa tun 1957, akwai Jamus, daga baya Muryar Amurka, wasu kuma da dare su kamo Garwa ta Kamaru saboda Fulatanci, amma in ana maganar kiɗa da waƙa Kaduna ce uwa.

Wanda ya yi zamanin Zaɓi Sonka ya san abin da nake nufi. Mutum zai sayi kati, ya zauna ya rubuta sunayen mutanensa ɗaya bayan ɗaya, da abokin ciniki da surukai da budurwar da bai isa ya ambata a gaban babansa ba sai dai ya sakaya, ya rubuta waƙar da yake so, ya kai gidan waya, sannan ya yi ta kasa kunne mako da makonni, ranar da aka karanto sunansa da na ƙauyensu kuwa har majalisa sai an taya shi murna. Har ƙungiyoyi aka yi na 'yan zaɓi sonka, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka zama 'yan uwa ta rediyo. To amma wace waƙa zai zaɓa? Ai sai wadda ya saba ji, wadda kuma take cikin laburaren Kaduna.

Nan ne gizo yake saƙa. Ka jero manyan da muka tashi da su ka duba garuruwansu: Mamman Shata mutumin Musawa ne a ƙasar Katsina, Musa Ɗanƙwairo daga Zamfara, Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Ɗan Anace daga ƙasar Sakkwato, Barmani Choge daga Funtuwa, Garba Supa a Kano. Waɗanda suka ɗan matso kusa da mu su ne Haruna Uji na Haɗeja mai gurmi da Ɗan Maraya Jos mai kuntigi. Kusan duka yamma ne. Ba wai wani ya zauna ya ƙulla mana makirci ba ne, kuma wallahi mutanen nan sun cancanci sunan da suka yi, babu mai ja da baiwar Shata. Amma akwai dalilai. Katsina da Zariya da Kano da Gusau sun fi kusa da Kaduna, makaɗi zai iya shiga mota ya je sitidiyo ya dawo, shi ma furodusa ya fi sauƙin ɗaukar rikoda ya je can a kan ya nufo Ningi ko Kaltungo. Manyan 'yan siyasa da attajiran da ake yi wa waƙa suna can, masu buga faifai da kaset suna can. Sai kuma babban dalili, harshe. Tashar da ke magana da Arewa gaba ɗaya da Hausa za ta yi, waƙar da aka yi da Tangale ko Zaar ko Warji sai ta zama abin da ake sakawa a ɗan fili na musamman ana cewa kiɗan gargajiya na ƙabila kaza, ba waƙar da za a yi ta maimaitawa har ta zauna a bakin yara ba. Haka aka wayi gari yaron Bauchi yana iya yi maka amshin Shata tiryan-tiryan amma bai san sunan sarkin makaɗan garinsu ba.

Alhali abin da muke da shi a nan ba kaɗan ba ne, kuma hawa-hawa ne.

Akwai na fada. Tsofaffin masarautun jihar Bauchi shida, Bauchi ta Malam Yakubu, Katagum, Misau, Jama'are, Ningi da Dass, ga Gombe ta Buba Yero, ga Mai Tangale a Billiri, ga Mai Kaltungo. Kowace fada da makaɗanta da mabusanta, tambari da kakaki da algaita da farai, ga masu kirari. Wanda bai sani ba zai ɗauka hayaniyar hawan Sallah ce kawai, amma tambari ba a buga wa kowa sai sarki, kakaki ma haka, kuma kowane take da ake busawa magana ce, mai kunne yana jin sunan wanda ake kira da na kakansa da yaƙin da ya yi. Ka tsaya a ƙofar fada ranar hawan Daushe ka lura da mai algaita, kumatunsa a kumbure kamar zasu fashe, yana jan numfashi ta hanci yana busa ta baki ba tare da sautin ya yanke ba ko na daƙiƙa ɗaya, wannan abu ne da ake koya tun ana yaro, shekaru ake yi kafin a iya. Kuma in ka saurari na ɓangaren Katagum da Misau za ka ji ɗanɗanon Barno a ciki saboda maƙwabtaka da tarihin da ke tsakani, ba irin na Kano ba ne sak.

Akwai na sana'a, kalangu na mahauta da 'yan dambe, dundufa ta maƙera, gangar noma, garaya ta maharba, shantu da kiɗan ƙwarya na mata a cikin gida, waƙoƙin niƙa da daka da raino. Akwai na Fulani, sarewa da molo da kiɗan shaɗi. Sannan ga na sauran ƙabilu, wanda shi ne ya bambanta mu da yamma, don a jihar Bauchi kaɗai ana lissafa ƙabilu sama da 50, Gerawa, Jarawa, Sayawa, Warjawa, Fa'awa, Butawa, Zulawa, Karekare, a Gombe kuma Tangale, Waja, Tera, Tula, Cham, Bolawa, Dadiya, Jukun da sauransu, kowa da kiɗan bikinsa da na girbi da na makoki da na shigar samari cikin manya. Ko a rubutacciyar waƙa ba a bar mu a baya ba, Malam Sa'adu Zungur da ya rasu a 1958 ɗan cikin garin Bauchi ne, kuma waƙoƙinsa rerawa ake yi ba karantawa a zuci ba.

Lokacin da wannan dukiya ta fi samun shiga rediyo shi ne bayan an ƙirƙiro jihar Bauchi a 1976. A 1978 aka sake fasalin rediyon tarayya aka samar da FRCN, jihohi kuma kowa ya riƙe gidansa, Bauchi tana da BRC. Gombe ma da ta samu jiha a ranar 1 ga Oktoba 1996 ta kafa nata. Gidan rediyon jiha dole ne ya yi magana da kowa tunda kowa nasa ne, don haka aka samu labarai da shirye-shirye da Fulatanci da wasu harsunan jiha, kuma in za ka buɗe fili da harshen mutane ai sai da kiɗansu. Shi ya sa ma'aikatan wancan lokacin suke fita, su ɗauki rikoda su shiga ƙauye ranar kasuwa ko ranar biki, su ɗauko makaɗi a inda yake da 'yan amshinsa da guɗar mata da komai, ko a gayyato shi sitidiyo a ɗan ba shi na goro. Gwamnati ce ke biyan albashi da mai, ba a tambayar furodusa nawa shirinka ya kawo. Kuma tashar AM ce mai matsakaicin zango, tana cin nisa, musamman da dare, mutumin Gamawa da na Bogoro duk suna kamawa.

Daga nan abubuwa suka fara juyawa, kuma ba daga rediyo kaɗai ba. Shi kiɗan gargajiya yawancinsa a jikin aiki yake rayuwa. Gangar noma tana buƙatar gayya, yau kuwa manomi feshi yake yi ko ya ɗauki 'yan ƙwadago ya biya su da yamma, wa za a kaɗa wa? Injin niƙa ya shigo, waƙar niƙa ta tafi da dutsen niƙa. Biki da a da sai an kira makaɗa takwas ko goma an ciyar da su an yi musu liƙi, yanzu yaro ɗaya da laftof da sifika biyu ya gama. Ta ɓangaren addini ma an samu sauyi, wa'azi ya yi ƙarfi tun daga ƙarshen shekarun 1970, goge da garaya da duk abin da ke da alaƙa da bori aka guje su, 'ya'yan makaɗa da yawa suka ƙi gadon gidansu suka kama kasuwa ko boko, wasu ma ba sa so a tuna musu. Amma a lokaci guda sha'irai masu bege da mandiri suka ƙara yawa. A kudancin Gombe da yankin Tafawa Ɓalewa da Bogoro kuma wani kaso mai yawa na kiɗan ya koma cikin coci, ka ji zumuntar mata na ECWA ko COCIN da tulunansu da kacau-kacau suna waƙa da Hausa da harshensu, salon amshin da bugun duk na gida ne. Kenan ba komai ne ya mutu ba, wani ya ƙaura ne, wani kuma ya rasa wurin zama.

Sai ga zamanin tashoshi masu zaman kansu. A 1992 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, Ray Power ta fara a Legas a 1994, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, daga baya guguwar ta iso mana. Alherin da wannan ya kawo ba ya musuntuwa, talaka ya samu inda zai buga waya ya ce unguwarsu ba ruwa, an samu aikin yi, an samu gasa. Amma ka zauna da duk wanda ya taɓa riƙe tasha ya yi maka lissafi. Wutar NEPA ba ta tsayawa, tiransimita kuma ba ta san uzuri ba, dole janareto ya yi ta ci, dizal kuwa kowa ya san inda farashinsa ya kai. Ga kuɗin lasisi, a 2022 ma sai da NBC ta sanar da soke lasisin tashoshi sama da 50 a faɗin ƙasa saboda bashi, ciki har da na gwamnatocin jihohi. Ga albashi. Manyan kamfanonin da ke ba da talla mai tsoka suna Legas, in sun waiwayo Arewa Kano da Kaduna da Abuja suke fara gani. To me ya rage wa manajan tasha a Bauchi ko Gombe? Sayar da fili. Ɗan siyasa ya saya, mai maganin gargajiya ya saya, wani bawan Allah ya ɗauki nauyin wa'azi, sai sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa.

Yanzu ka auna shirye-shirye biyu a kan wannan sikelin. Na farko, mai gabatarwa ya zauna a sitidiyo ya buɗe layin waya, tsakanin kira da kira ya danna waƙar da ya sauke daga intanet ko wadda mawaƙin da kansa ya kawo har da ɗan abin sayen kati, kuɗin da aka kashe kusan sifili. Na biyu, a ba furodusa mota da mai ya tafi Dass ko Deba ko Shira, ya nemo tsohon makaɗi, a tara masa yaransa waɗanda wasu sun tafi ci-rani, a gyara fatar ganga, a sallame su, a dawo a tace, sannan a rasa wanda zai ɗauki nauyi. Ko kai ne manaja ka san wanda za ka zaɓa. Wannan shi ne gaskiyar dalilin da ya sa tasha ta yi yawa amma kiɗan ya zama iri ɗaya, duka daga rijiya ɗaya suke ɗiba.

FM kanta tana da nata. Sautinta garau ne amma ba ta cin nisa, dutse ma yana tare ta, mu kuma ƙasar duwatsu ce. Daga Bauchi zuwa Azare kusan kilomita 200 ne, tashar da ke cikin gari ba lallai ta kai ba. Sai tashoshin suka taru a hedikwatar jiha suna magana da mutanen birni, masu kiɗan da muke magana kuma suna ƙauye. A nan ne nake ganin ƙananan tashoshin karkara da gwamnatin Bauchi ta kakkafa a ƙarƙashin BRC a garuruwa irin su Azare da Misau da Ningi suke da muhimmanci fiye da yadda ake ɗaukarsu, don su makaɗin yana bayan gidansu, da ƙafa ma zai zo, in har akwai wuta da kayan aiki da wanda ya damu.

Ban ce a daina saka waƙar zamani ba fa. Yaran nan da ke sitidiyo a Wunti ta Bauchi ko Jekadafari ta Gombe suma namu ne, suna da basira, kuma wannan yanki ya fitar da masu zafi, ko a waƙar siyasa an san Haruna Aliyu Ningi a duk Arewa. Abin da ke damuna shi ne yaron da ke haɗa kiɗa a kwamfuta bai taɓa jin bugun garinsu ba balle ya ɗauka ya sarrafa, abin da ke cikin kunnensa na Kano ne da Indiya da Legas, don shi aka ba shi. Je wurin masu tura waƙoƙi a kasuwa ka miƙa memori ka ce a zuba maka na gargajiya, zai buɗe folda ka ga Shata, Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya, Barmani, shikenan. Ka ce kana son na Bauchi ko na Gombe, sai ya ɗago kai ya dube ka ya ce wanne kenan. Ba laifinsa ba ne, abin da aka juya daga kaset zuwa kwamfuta shi ke yawo, namu ba a juya ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi tsaya min a rai, wato tsofaffin tef. Duk abin da ma'aikatan wancan lokacin suka ɗauko a ƙauyuka a kan zaren tef yake, manyan faifan nan masu naɗi da kuma kaset. Na taɓa shiga ɗakin ajiyar wani gidan rediyo, wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Kwalaye jibge har ƙasa, ƙura ta rufe su, wasu ruwan rufi ya taɓa su takardar ta manne, ka buɗe ka ga farin fumfuna a gefen zaren, wani an rubuta sunan makaɗi da biro ya koɗe, wani ba a rubuta komai ba, injin da zai juya su kuma yana gefe an ɗora masa fayil-fayil don ya daɗe da mutuwa. Shi tef ba ya jira. Zafi da laima suna sa maganin da ke riƙe da sautin ya yi danƙo, in ka saka a inji haka nan sai ya kankare ya bar maka zare fari, abin da ke kai ya tafi har abada. A lokutan da kuɗi ya yi wuya kuma gidajen rediyo da yawa sun riƙa goge tsohon tef suna ɗaukar sabon shiri a kai. Tun 2019 UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya suka yi gargaɗin cewa injinan juya irin wannan tef da kayan gyaransu suna ƙarewa, sun ma ambaci wajajen 2025 a matsayin lokacin da za a iya rasa su. Shata da ya rasu a 1999 da Ɗan Maraya da ya rasu a 2015 ba su da fargaba, waƙoƙinsu suna hannun dubban mutane. Wanda ke cikin haɗari shi ne makaɗin Warji ko na Tula da aka ɗauka sau ɗaya tak a rayuwarsa, kwafi ɗaya, a cikin kwali ɗaya.

Kuma aikin ceton ba wani abu ne da ya fi ƙarfin jiha ba, bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. Inji mai lafiya, wanda ya iya tsabtace tef da lallaɓa shi, kwamfuta, a juya da cikakken sauti ba irin matsattsen da ake turawa a waya ba, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Muna da jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ATBU, muna da jami'ar Sa'adu Zungur, da jami'ar jihar Gombe da ta tarayya a Kashere, ga kwalejin Azare, ɗaliban Hausa da tarihi da aikin jarida suna nan suna neman abin da za su yi bincike a kai. Irin aikin da su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka yi wa makaɗan yamma, na bin tarihinsu da rubuta waƙoƙinsu, shi ne namu suke jira. Sai dai a yi shi da gaskiya, in an juya an saka a YouTube ko ana samun talla da shi to iyalan makaɗin suna da haƙƙi, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ma ta tanadi kariya har ga kayan al'adun gargajiya, kar a maimaita abin da aka yi wa iyayensu na sallama da kuɗin goro.

Abu ɗaya da ya fi injin gaggawa shi ne mutane. Tef ɗin da ba a rubuta komai a jikinsa ba, ko an juya shi lafiya, sauti ne kawai, ba ka san wa ke waƙa ba, da wane harshe, a wane gari, wa ake yi wa, bikin mene ne. Waɗanda za su ji daƙiƙa goma su ce ai wannan wane ne, a kasuwar kaza muka ɗauke shi shekarar da aka yi kaza, su ne tsofaffin furodusoshi da masu kula da laburare da suka yi ritaya, suna nan cikin unguwanninmu a Bauchi da Gombe da Azare, wasu suna fama da jiran fansho. Su ya kamata a fara ɗaukowa a zaunar kusa da injin, a biya su, ana juyawa suna faɗa ana rubutawa.